Zumuncin mata a Nijar

Zumuncin mata tsarin taimakekeniya ne da mata suka gina a tsakaninsu ta hanyar ƙawance, buki da adashi. Ya girmi ƙungiyoyin zamani nesa ba kusa ba, kuma a kansa da yawa daga cikinsu suka tsayu.

Buki da adashi

Gudummawar buki bashi ce. Mace ta kai wa ƙawarta kuɗi ranar suna ko aure, in nata ya tashi a mayar mata, galibi da ninki. Ninkin nan ne ke tara wa mace jari, shi ne kuma ke jefa maras hali cikin bashi in bukukuwa suka yi karo. A adashi kowa na zubi kowane mako ko ranar kasuwa, ɗaya ta kwashe, har a zagayo. Uwar adashi ce ke tara kuɗi da tsara jerin kwasa. Adashi kan watse ne in wadda ta kwasa da wuri ta daina zubi, shi ya sa ake barin baƙuwa a ƙarshen jeri.

Mata Masu Dubara

A 1991 ƙungiyar agaji ta CARE ta ɗora tsarin Mata Masu Dubara kan adashi a jihar Maraɗi, daga baya ya yaɗu zuwa Tawa da ƙasashe da dama. Mata 15 zuwa 30 kan haɗu kowane mako su zuba a akwati mai kwaɗo uku, makullan a hannun mata uku daban, ba a buɗewa sai gaban kowa. Mamba ta ranta, ta biya da ɗan ƙari. Akwai asusun agaji na rashin lafiya da rasuwa. Bayan wata 9 zuwa 12 a raba uwar kuɗi da riba.

13 ga Mayu 1991

Ranar, dubban mata suka yi tattaki a Yamai saboda mace ɗaya tak aka sa a kwamitin shirya Babban Taron Ƙasa, taron da zai tattauna makomar siyasar Nijar. Aka ƙara musu kujeru, ranar kuma ta zama ta matan Nijar. Dokar kaso ta 2000 ta ware wa mata aƙalla kashi 10 cikin 100 na kujerun zaɓe, a 2019 aka kai shi 25.

A mahangar masana

Obioma Nnaemeka ta Najeriya na ganin gwagwarmayar matan Afirka ta fi dogara da sasanci a kan fito-na-fito. Wasu na cewa sasancin yakan bar ikon maza yadda yake.