Mene ne "root" a waya da kwamfuta?

Idan mai gyaran waya ya ce "sai an yi mata root", yana nufin a karɓo maka mukullin da kamfanin wayar ya riƙe a hannunsa. Kalmar Turanci ce mai nufin saiwa, amma a harkar kwamfuta suna ne na wani asusu guda wanda babu abin da ya gagare shi a cikin na'ura. Kowane fayil yana iya buɗe shi, ya sauya shi, ko ya goge shi.

Asalinsa daga Unix ne, babbar manhajar da Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara a Bell Labs da ke Amurka a 1969. A tsarinta kowane mai amfani da lambarsa, ta root kuwa 0 ce, kuma mai wannan lamba ba a tambayarsa izini. Linux, wata babbar manhaja da aka yi a kan salon Unix, ya gaji tsarin, shi kuma Android a kan Linux aka gina shi. Don haka ko Tecno ce a aljihunka, asusun yana nan ciki, ƙofarsa kawai aka garƙame.

Garƙamewar tana da dalili. Android yana ba kowace manhaja lambarta da ɗakinta, shi ya sa manhajar wasa ba ta iya leƙa ajiyar manhajar banki. Duk manhajar da ka ba root, ka rushe mata wannan katanga. Sauƙin da ake ji, na sayen waya a kunna ta fara aiki ba tare da sanin cikinta ba, da wannan iko aka biya shi.

Kowane kamfani da inda ya ja layinsa. Ubuntu, wani nau'in Linux na kwamfuta, yana barin asusun a kulle, sai ka sa "sudo" a gaban umarni ka shigar da kalmar sirri, ya ara maka ikon na minti 15. Windows tun daga sigarsa ta Vista yake fito da akwatin nan mai tambayar ko ka yarda a yi sauyi, wanda mutane da yawa ke danna "Yes" ba su karanta ba. Apple ya fi kowa tsanani: daga 2015, ko root ne ba ya iya taɓa wasu fayilolin tsarin kwamfutarsa ta Mac sai an kashe kariyar da gangan.

A wayoyin Android da yawa hanyar yin root ita ce: a shiga saituna, a danna "Build number" sau 7 har sashen masu ƙera manhaja ya bayyana, a kunna "OEM unlocking" da "USB debugging". Sai a haɗa wayar da kwamfuta a buɗe bootloader, wato ƙaramar manhajar da ke tayar da waya, da umarnin "fastboot flashing unlock". A nan wayar za ta share komai, hotuna da lambobi da saƙonni, kuma da niyya aka yi hakan don kada ɓarawo ya bi ta nan ya kwashi bayanan mai ita. Daga nan a samo fayil ɗin boot.img, wanda Android ke tashi da shi, a gyara shi da Magisk, manhajar da ke ba da ikon root, a mayar da shi cikin wayar.

A wannan mataki na ƙarshe aka fi yin ɓarna. Dole fayil ɗin ya zama na ainihin sigar manhajar da ke kan wayar, ba na samfurin wayar kawai ba. Idan aka sa na wata sigar, sai ta riƙa nuna tambarin kamfani tana mutuwa tana tashi, ba ta wucewa. Maganinsa mayar da fayil na asali, in an yi dabarar ajiye shi tun farko. Samsung kuwa yana da wani fis na Knox, tsarin tsaronsa, da ke ƙonewa da zarar an sa manhajar da ba tasa ba, kuma ba ya gyaruwa: Secure Folder, ma'ajiyarsa ta sirri, da manhajarsa ta biyan kuɗi sun tafi ke nan, ko da an mayar da komai yadda yake. Ga manhajojin banki da yawa da ke bincikar waya ta hanyar Play Integrity, tsarin Google na tantance waya, in sun ga an taɓa ta su ƙi buɗewa. Huawei ma tun 2018 ya daina ba da lambar buɗe bootloader.

Wanda damuwarsa manhajojin da suka zo da waya ne masu cinye wuri da data, bai buƙatar duk wannan. Da "USB debugging" da ADB, manhajar da ke aika wa waya umarni daga kwamfuta, umarnin "pm uninstall --user 0" tare da sunan manhajar zai ɗauke ta daga gabansa, ba a share komai ba, banki ma ba zai yi ƙorafi ba. Sai dai fayil ɗinta na asali yana nan kwance a sashen tsarin, ranar da aka yi wa wayar "factory reset" za ta dawo.