Waiwaye: Me ke sa Kanawa su ji maganar likita yau, gobe su toshe kunne?

Ranar 11 ga Afrilu, 2020 aka tabbatar da mutum na farko da ya kamu da korona a Kano. Bayan kwana biyar gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta rufe gari, ranar 27 ga watan kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya ɗora nasa kullen na mako biyu a kai. Ana cikin haka bidiyoyi suka riƙa yawo a waya, matasa sun cika fili suna tsalle suna rera "babu korona". Masu sharhi daga nesa, har da wasu namu na gida, suka yanke hukunci a take: jahilci ne. Wannan bayani yana da arha, shi ya sa ya yi kasuwa. Amma garin da ya yi wa dokar kulle kunnen uwar shegu shi ne dai garin da, shekaru kaɗan kafin nan, iyaye ke miƙo 'ya'yansu a ƙofar gida ana ɗiga musu maganin shan inna har aka ga bayan cutar. Mutanen ba su canza ba. Abin da ya bambanta shi ne wanda ya kawo saƙon, abin da aka taɓa yi musu a baya, da kuma abin da biyayyar za ta ci musu.

Tun zamanin Turawa, hukumar lafiya ta fara shiga gidan talaka ne da fuskar hukunci. Tsofaffi na tuna duba-gari, wanda ke leƙa randa da masai da kwata, in ya ga tsutsa a ruwa sai tara. An ga amfanin aikin, lambar agana da ke damtsen dattawa ma shaida ce, tunda cutar ta ƙare a duniya baki ɗaya a 1980. Sai dai an saba ganin ma'aikacin lafiya a matsayin wanda ake ɓoye wa abu, ba wanda ake kai wa kuka ba.

Babban tabon ya zo a 1996. A shekarar annobar sanƙarau ta kashe mutane sama da 11,000 a Najeriya, kuma Kano na tsakiyarta. Asibitin Zana ya cika ya batse, likitocin agaji na ƙungiyar MSF na aiki dare da rana. A nan ne tawagar kamfanin Pfizer na Amurka ta sauka, ta gwada sabon maganinta mai suna Trovan a kan yara. Kimanin yara 200 ne aka sa a gwajin, rabi aka ba su Trovan, rabi aka ba su wani sanannen magani don a kwatanta. Yara 11 suka mutu, wasu suka tashi da kurumta ko shanyewar jiki. Kamfanin ya tsaya a kan cewa sanƙarau ne ya yi wannan ɓarna, kuma an nemi izinin iyaye da baki. Iyaye da dama suka ce ba wanda ya gaya musu gwaji ake yi, su dai sun kawo yaro asibiti ne a ba shi magani. Sai a ƙarshen 2000 jaridar Washington Post ta fasa ƙwan, gwamnatin Kano ta shigar da ƙara a 2007, aka sasanta a 2009 a kan dala miliyan 75. Kuɗin farko bai shiga hannun iyalai ba sai 2011, shekara 15 bayan aukuwar abin, shi ma bayan an bi su da gwajin ƙwayoyin halitta don su tabbatar da cewa 'ya'yan nasu ne.

Duk wanda zai yi maganar jita-jita a Kano ya fara da wannan. A wasu wurare, in aka ce Bature ya zo da magani yana gwaji a kan 'ya'yanku, tatsuniya ce. A Kano an yi, an san asibitin, an san unguwannin da aka yi zaman makoki. Wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya ja da baya.

Don haka da aka wayi gari a 2003 ana cewa ɗigon foliyo, wato shan inna, na ɗauke da sinadarin hana haihuwa, maganar ba ta sha wahalar samun masauki ba. Wanda ya fi ɗaga murya a kai likita ne, Dakta Ibrahim Datti Ahmad, shugaban Majalisar Ƙoli ta Shari'ar Musulunci, ba wani ɗan tasha ba. A shekarar ce Amurka ta afka wa Iraƙi, bayan Afganistan. Mutane kuma ba su manta da manufar ƙayyade iyali ta zamanin Babangida ba, wadda ta ce 'ya'ya huɗu sun ishi mace. Gwamna Ibrahim Shekarau ya dakatar da riga-kafin, Zamfara da Kaduna ma suka ɗan taɓa, amma Kano ce ta daɗe, kusan shekara guda. A tsakanin nan aka yi ta tura kwamitoci ƙasashen waje ana gwaje-gwaje, kowane ɓangare na riƙe da sakamakonsa.

Akwai tambayar da magidanta suka riƙa yi wa masu ɗigo a zaure, wadda har yau ban ji an ba ta amsar da ta kwantar da hankali ba. "Hajiya, yarona na kwance da zazzaɓi, na je asibiti an rubuta mini magani an ce in je kemis in saya. Ke kuma kin biyo ni har gida da magani kyauta, na cutar da ban taɓa gani a gidana ba. Me ya sa?" Amsar masana ita ce ana son a kawar da cutar daga doron ƙasa ne, don haka ba a barin yaro ko ɗaya. Gaskiya ne. Amma ga mutumin da ya binne ɗa saboda ƙyanda ko cizon sauro, kyautar da ta zo da naci haka abar tuhuma ce.

An biya farashi. Yaran da shan inna ta kama a Najeriya sun tashi daga kimanin 200 a 2002 zuwa sama da 1,000 a 2006, ƙwayar kuma ta tsallaka ƙasashe kusan 20, har Yaman da Indonesiya. Abin mamaki, daga Indonesiyar ne aka sayo maganin da ya warware rikicin, domin a Yulin 2004 Kano ta yarda ta koma ɗigo da wanda aka haɗa a ƙasar Musulmi. Maganin iri ɗaya ne, hannun da ya miƙo shi ne ya canza. Daga baya Shekarau ya miƙa 'yarsa a bainar jama'a Shugaba Obasanjo ya ɗiga mata.

Dawo da yarda ya ɗauki shekara goma, kuma ba da sanarwar rediyo kaɗai aka yi ba. A 2009 sarakunan Arewa ƙarƙashin Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar suka kafa kwamitinsu na lafiya, aiki ya sauko ta tsohuwar hanya: sarki ga hakimi, hakimi ga dagaci, dagaci ga mai unguwa. Gidan da ya ƙi, mai unguwa ne ke zuwa ya yi sallama, mutumin da ya halarci sunan yaron. Aka ɗauki matan unguwa masu shuɗin hijabi, waɗanda ke shiga har ɗaki su zauna da mai jego, inda namiji baƙo ba ya wuce soro. Waɗanda cutar ta nakasa suka riƙa bin tawaga a kan kekunansu, uba ya gani da idonsa. Aka kuma buɗe sansanonin lafiya a bakin layi, ana duba zazzaɓi da gudawa ana ba da magani da sabulu, wato an amsa tambayar zauren nan a aikace. Kowa ya saba da rubutun alli a jikin bango da baƙin tawada a ɗan ƙaramin yatsan yaro. Ba a yi ba tare da jini ba, domin a Fabrairun 2013 'yan bindiga sun kashe mata tara masu aikin riga-kafi a cikin birni. Duk da haka, a Yulin 2014 aka ga yaro na ƙarshe da asalin ƙwayar ta kama a jihar, a Sumaila, kuma a Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ita.

To, me ya hana wannan darasi aiki a kan korona? Na farko, lokaci. Abin da aka gina a shekara goma an so a same shi a kwana goma. Sannan tsanin da ake hawa ya isa ga mai unguwa yana girgiɗi a daidai lokacin: an raba masarautar Kano gida biyar a 2019, an tuɓe Sarki Muhammadu Sanusi na Biyu ranar 9 ga Maris, 2020, wata guda kafin cutar ta shigo. Gari ya rabu, kowace magana ta gwamnati sai an auna ta da ma'aunin Gandujiyya da Kwankwasiyya. Da gwamna ya nemi naira biliyan 15 daga Abuja don yaƙar cutar, a majalisun shayi fassara ɗaya aka yi masa.

Waɗanda aka fara jin sun kamu ma manya ne: gwamnan Bauchi, gwamnan Kaduna, sai Abba Kyari, shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa, wanda ya rasu ranar 17 ga Afrilu. Talaka ya ce ciwon masu hawa jirgi ne, su ƙarata can.

Amma babban abin shi ne ciki. Kano gari ne na hannu baka hannu ƙwarya. Ɗan dako a Kantin Kwari ko Singa, mai a-daidaita-sahu da zai kai balas da yamma, mai shayi, mai wankin hula, matar da ke aiken yarinya da tallan awara, duk sai an fita ake ɗora tukunya. An ce musu su zauna a gida, ga azumi ya kama ranar 24 ga Afrilu, tallafin da aka yi ta shela kuwa unguwanni da yawa labarinsa kawai suka ji. An ce a yawaita wanke hannu da ruwa mai gudana, a unguwar da famfo ya shekara bai ɗiga ba, jarka sai an saya a wurin 'yan garuwa. An ce a ba da tazara, a gidan haya mai ɗaki goma da banɗaki ɗaya. Wanda ya rubuta waɗannan ƙa'idoji bai yi ƙarya ba, amma ba Kurna ko Rijiyar Lemo yake hange ba lokacin da yake rubutawa. Da aka sassauta, aka ce a fita Litinin da Alhamis daga ƙarfe 10 zuwa 4, sai jama'ar da ke cin kasuwa a kwana bakwai ta dunƙule cikin sa'o'i shida. Duk wanda ya shiga 'Yankaba a irin wannan rana ya san cunkoson ya fi na kullum, kafaɗa na gugar kafaɗa, takunkumin kuma na rataye a haɓa saboda 'yan sanda da kotun tafi-da-gidanka.

Batun masallaci ya fi yadda ake ba da labarinsa sarƙaƙiya. Addini ne ya ba masu kira a kiyaye hujja mafi ƙarfi: hadisin da ya hana shiga garin da annoba ta sauka ko fita daga cikinsa, da labarin Sayyidina Umar da ya juya daga hanyar Sham. Malamai da yawa sun karanta su a rediyo, rufe Umara da Saudiyya ta yi ya kuma sa jikin mutane da dama ya yi sanyi. Wasu limaman sun bijire an kama su. Abin da ya fi ɓata lamarin shi ne ganin an buɗe kasuwa an bar Juma'a a rufe. Daga baya kuma, a ranar da Abuja ta tsawaita kullen Kano a watan Mayu, gwamnatin jiha ta ba da izinin Juma'a da sallar Idi. Hukuma biyu, umarni biyu, sai kowa ya ɗauki wanda ya yi masa.

A ƙarshen Afrilun ne masu haƙar kabari suka fara cewa gawarwakin da ake kawowa sun wuce ƙima, yawanci dattawa. Farfesoshi, tsofaffin ma'aikata, masu sarauta, kullum sai an ji sanarwa. A daidai lokacin ɗakin gwajin da ke Asibitin Malam Aminu Kano ya tsaya na kwanaki, ba inda za a tabbatar da komai. Gwamnatin jiha ta ce hawan jini ne da ciwon suga da sanƙarau da zazzaɓi. A watan Yuni ministan lafiya Osagie Ehanire ya ce an ƙirga mace-mace 979, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na iya zama korona. Hukumar da ke cewa ku zauna a gida cuta na kisa, ita ce ke cewa waɗanda ke mutuwa ba ita ta kashe su ba. Asibitoci masu zaman kansu da yawa sun rufe ko suna korar mai tari, sai mutane suka koma kemis da sirace da tazargade. Mai alamun cutar ya gwammace ya yi shiru, don kada a zo da mota a kai shi cibiyar killace masu korona da ke Kwanar Dawaki, in ta Allah ta kasance kuma a hana 'yan uwa yi masa wanka da sutura yadda aka saba. A watan Oktoba, da aka fasa rumbunan tallafin korona a Legas da Jos da Kaduna aka ga buhuna jibge, masu cewa harkar ta cin kuɗi ce suka samu abin nunawa.

An ɗage kulle a farkon Yuli, allurar korona ta iso Najeriya a Maris na 2021, saƙonnin murya na WhatsApp suka farfaɗo da tsohuwar maganar hana haihuwa kusan kalma da kalma. Da yawa sun yi allurar ne don katin tafiya Umara ko na wurin aiki.

Daga ƙarshen 2022 kuma mashaƙo ya ɓarke, Kano ce ta fi kowace jiha yawan waɗanda suka kamu, akasarinsu yaran da ba a yi musu riga-kafi ba ko ba a kammala ba. Allurar da ke kare wannan cuta kyauta ce, ana yin ta a mako na 6 da na 10 da na 14 bayan haihuwa. Sai dai ita ba ta biyo mutum gida kamar ɗigon foliyo. Sai uwa ta nemi izinin maigida, ta samu kuɗin mota, ta bar sana'arta ta yi layi a asibitin sha-ka-tafi, har sau uku, kuma in yaro ya kwana yana kuka da zazzaɓin allurar farko, sau da yawa maigida ko kakar yaron ce ke cewa ba za a koma ba.