Mene ne "taimin", kuma me ya sa ake ɗora masa laifin kowace girgizar inji?

Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kalmar "taimin" ta fita daga gareji ta shiga bakin kowa a Legas. Direban tasi a Agege zai ce motarsa tana shan mai saboda taimin, mai dakon kaya a Mile 12 zai ce ta kasa hawa gada saboda taimin, kuma kwanaki na ji wani mai ba da shawara a rediyo yana cewa duk wanda motarsa take girgiza ya je a "rage masa taimin", kamar dai gishiri ne da ya yi yawa a miya. Masu mayar da motocinsu zuwa iskar gas su ma sun ƙara wa kalmar kasuwa.

Kalmar aro ce daga Turanci, kuma ma'anarta daidaita lokaci. Matsalar ita ce a cikin inji akwai lokaci iri biyu da ake daidaitawa, kuma sunansu ɗaya a bakin mutane. Na farko shi ne lokacin da bawul-bawul, wato ƙofofin shigar iska da fitar hayaƙi, suke buɗewa da rufewa. Injin fetur na mota yana aiki ne da bugu huɗu, tsarin da Bajamushe Nikolaus Otto ya kammala a 1876: fistin ya sauka ya shaƙi iska da mai, ya hau ya matse su, wuta ta kama ta turo shi ƙasa, sannan ya sake hawa ya fitar da hayaƙi. Kafin wannan ya cika, karanshaf, sandar da fistin yake juyawa, yana juyawa sau biyu, wato digiri 720, shi kuwa kamshaf mai buɗe bawul sau ɗaya kacal, kuma bel ko sarƙa ce take riƙe su a kan wannan alkawari. Na biyu shi ne lokacin da fulogi yake ba da tartsatsi, wanda ake aunawa da digirin da ya rage kafin fistin ya kai ƙololuwa. A injuna da yawa, idan mota tana silo, wato inji yana aiki ba a taka totur ba, yana kusa da digiri 10. Idan inji yana juyi 800 a minti, digiri 10 ɗin nan kusan kashi 2 cikin 1,000 na daƙiƙa ne kacal, don haka nake jin haushi idan bakanike ya ce da kunne yake saita shi.

Yawan juyin inji a silo kuwa ba taimin ba ne ko kaɗan, ko da yake shi ne abin da mutane da yawa suke nufi idan sun ce a rage musu.

Sai kuma "misin", wato silinda ta tsallake bugunta ba ta kama wuta ba. Wannan alama ce, kamar zazzaɓi a jikin mutum, kuma tana iya fitowa daga rashin wuta, ko rashin mai daidai gwargwado, ko rashin matsi a cikin silinda. Fulogi da ya mutu, da kwayil mai ba fulogi wuta da ya yi rauni, da nozul mai fesa mai da ta toshe, da tiyo mai shan iska ta ɓaraka, da bawul da ya ƙone, dukkansu suna sa inji ya yi misin alhali taimin yana nan daram. Motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka daga 1996 suna faɗin inda yake musu ciwo idan aka jona musu kwamfuta: P0301 na nufin silinda ta ɗaya ce take tsallake, P0304 ta huɗu, P0300 kuma na nufin tsallaken ba shi da gida ɗaya. Idan silinda ɗaya ce tak, da wuya a ce taimin ne, domin taimin idan ya goce yana goce wa kowa ne.

Inda kalmar take da haƙƙinta, kuma inda aka fi yi mata gurguwar fahimta, shi ne a injin haɗe-haɗe, irin wanda ya cika titunan Legas. Mutum ya je kasuwar Ladipo a Mushin ya sayo gindin inji na tokumbo, wato na hannu da aka shigo da shi daga waje, ya ɗora masa kan injinsa na da bayan an goge fuskarsa, ya karɓo fuli, wato ƙarfen da bel yake zagayawa a kansa, a wani shago, birenbos kuma, wato kwamfutar da take sarrafa injin, na ainihin motar ne. Kowane ƙarfe ya shiga gurbinsa, kowane noti ya ɗauru, sai a ɗauka an gama. Amma shiga gurbi daban, faɗin gaskiya daban, domin alamomin da ake saita taimin da su an buga su ne a kan cewa sassan 'yan gida ɗaya ne.

Na ga wannan da idona a kan motar wani maƙwabcina, Camry ƙirar 1998 da 'yan Legas suke kira Fensir, mai inji 5S-FE. An haɗa mata inji kamar yadda na bayyana, sai ta dawo tana girgiza a silo, ba ta da ƙarfi, kuma wani lokaci salansa ta yi tari. An canza fulogi sau biyu, an canza kwayil, an wanke nozul, sannan bakaniken farko ya ce a kawo ta zai "ƙara mata taimin". Da ma a tsohuwar Camry ta farkon shekarun 1990, wadda ake kira Orobo, maganarsa tana da ma'ana, domin tana da dilko, mai rarraba wa fulogi wuta, da ake sassautawa a murɗa. Wannan kuwa ba ta da dilko, birenbos ne yake yanke lokacin wuta bisa abin da sensar karanshaf ta gaya masa, don haka babu abin da zai murɗa.

Wani dattijon bakanike ne ya warware ta, kuma bai fara da kwamfuta ba. Ya ce wa yaronsa, "Kai, ciro mini fulogi na ɗaya." Ya zura doguwar sukuddireba a ramin har ta zauna a kan fistin, yaron yana juya injin a hankali da sifana, shi kuma yana kallon sukuddirebar tana hawa. Da ta tsaya cak a sama, ya haska fulin karanshaf da tocilan, sai ga tsagar da ya kamata ta tsaya a kan sifili ta wuce shi da kusan faɗin yatsa. Ya ce wa mai motar, "Alhaji, wanda ya ɗaura maka bel bai yi ha'inci ba, alamar ce ta yi masa ƙarya." Irin wannan fuli ƙarfe biyu ne da roba a tsakaninsu, kuma idan robar ta tsufa, zoben waje mai ɗauke da tsagar yakan zame. An saita bel da alamar da ta zame, sai ya goce da haƙori ɗaya.

Haƙori ɗaya ba ƙaramin abu ba ne. Idan fulin kamshaf yana da haƙora 40, kowane haƙori digiri 9 ne a wurinsa, wato digiri 18 ke nan a karanshaf. Mai wannan mota ya ma yi sa'a, domin a 5S-FE fistin ba ya cimma bawul ko da bel ya tsinke, amma a injunan Honda da yawa gocewar haƙora kaɗan ta isa ta lanƙwasa bawul-bawul.

Akwai wata ƙaryar da ta fi wannan wuyar kamawa. Sensar karanshaf tana ƙirga haƙoran wani faifai ne, kuma giɓin da aka bari a jikinsa shi yake gaya wa birenbos inda fistin yake. Toyota ta saba da haƙora 36 da aka cire biyu, Ford ta saba da 36 da aka cire ɗaya, injunan Volkswagen da yawa kuma 60 da aka cire biyu. Ko a cikin gida ɗaya tsarin yakan canza daga shekara zuwa shekara. Idan faifan ya zo tare da gindin injin wata shekara, birenbos kuma na wata shekarar ne, to mota tana iya ƙin tashi, ko ta tashi tana ba da wuta a inda bai dace ba, alhali duk alamomin bel suna kan layi. A sababbin motoci lambar P0016 takan fito idan karanshaf da kamshaf sun saɓa wa juna. Ni a ganina, duk wanda zai sayi rabin inji a Ladipo ya kamata ya tafi da tsohon faifansa a leda, ya ƙirga haƙoran biyu a gaban mai shago kafin ya biya.

Maƙwabcin nawa dai ya sayi wani fulin, aka kwance bel aka mayar da shi baya da haƙori ɗaya, girgizar ta tafi. Tsofaffin kwayil ɗinsa da aka ce sun mutu har yanzu suna cikin but, kuma da aka gwada su, duka biyun suna ba da wuta.