Birtuwel ba bogi ba ne

Tun 2020, da korona ta sa aka koma yin taro ta intanet, kalmar "birtuwel" ta shiga bakin mutanen Damagaram, kuma har yau ba ta fita ba. Kowa ya san daga Faransanci muka aro ta. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ma'anar da aka liƙa mata. A rediyo, in mai gabatar da shiri ya zo kanta sai ya ce "na bogi" ko "na ƙarya". Masu muhawara kuma sun mayar da ita zagi: rijiyar da aka ci kuɗinta ba a haƙa ba sai a kira ta "rijiyar birtuwel". Wannan rijiya tana da sunanta tun kaka da kakanni, sata ce, ba ta buƙatar aron kalma.

Bogi abu ne da aka yi don a yaudare ka, kamar jabun kuɗi ko takardar lakkwal da aka saya. Birtuwel kuwa asalinta kalmar Latin ce, virtus, wato ƙarfi ko iko. Abu ne da ba shi da jikin da za ka taɓa, amma yana da ikon yin aiki. Kuɗin da ɗanka ya turo maka cikin salula ba ka riƙe su a hannu ba, amma suna auno hatsi a kasuwar Dole. Taron da aka yi ta intanet, in an yanke shawara cikinsa, shawarar ta hau kan kowa.

Inda ruɗanin ya fi fitowa fili shi ne maganar dabbobin da matasa ke kiwo cikin wasannin bidiyo, waɗanda wasu ke kira "dabbobin bogi". Bari in ɗauki wasa guda in warware, wanda ake kira Barotrauma. Wasu kamfanoni biyu na ƙasar Finland ne suka yi shi, Undertow Games da FakeFish, aka fara sakinsa a 2019, cikakkensa ya fito a 2023. Sunan nasa na likitanci ne, raunin da matsin ruwa ko na iska ke yi wa jikin mutum. Labarin yana faruwa a Yuropa, ba nahiyar Turai ba, wani wata ne da ke kewaya duniyar Jupita, wanda ƙanƙara ta rufe tekunsa. Ƴan wasa, har mutum 16 a lokaci guda, suna tuƙa jirgi mai nutso cikin wannan teku mai duhu. Ɗaya kyaftin ne, ɗaya injiniya mai lura da injin nukiliya, ga makaniki, ga likita, ga mai tsaro. Dodannin ruwa na fasa jikin jirgi, ruwa na kwararowa, wuta na tashi. Mu da ƙasarmu ba ta da teku, ba abin da ya fi wannan nisa da rayuwarmu.

To, cikin wannan tashin hankali aka saka ƴan dabbobi, irin su Peanut da Psilotoad da Orange Boy. Daga ƙwai suke fitowa. Kana iya raɗa wa naka suna. Na'ura tana riƙe masa lissafi biyu, na yunwa da na jin daɗi. Yunwar tana hawa a hankali ko kana kusa ko ba ka nan. In ka ba shi abinci ta sauka, in ka yi wasa da shi ransa ya yi fari, kuma wanda ake kula da shi yana fitar da ƴan kayan da ke da amfani a jirgi. Har kashi yana yi. In ka manta da shi yunwa ta kai maƙura, sai ya mutu.

Yanzu a faɗa mini, ina yaudarar a nan? Ba wanda ya ce wa yaron dabbar tana numfashi. Ya fi kowa sanin lissafi ne cikin kwamfuta. Amma lissafin yana da iko a kansa, domin dole ya zaɓa. Ruwa ya shigo ɗakin injin, abokan wasa suna kiransa, shi kuma ya tuna tun ɗazu bai ciyar da ɗan dabbarsa ba. Kuɗin da jirgin ya samu ba su da yawa, ko a sayi harsashi da bandeji, ko a rage wani abu don cikin wannan halitta da ba ta iya ɗinke ɓaraka. Duk wanda ya taɓa ɗaure ragon layya a zaure, ya raba kuɗin cefane ya sayo harawa da dusa ana tsakiyar rani, ya san irin wannan lissafi. Ba ina cewa ɗaya suke ba. Rago yana jin ƙishirwa da gaske, kuma haƙƙinsa yana wuyanka gaban Allah. Na cikin wasa ba ya jin komai. Abin da yake na gaske shi ne lokacin yaron, da hankalinsa, da ɓacin ran da yake shiga in ya tarar sakacinsa ya kashe abin da ya raɗa wa suna. Ni a ganina wannan ɓacin rai abu ne mai kyau, kuma ban yarda a yi masa dariya ba.

Abin ma ba sabo ba ne. Tun 1996 kamfanin Bandai na Japan ya fito da Tamagotchi, ƴar na'ura mai siffar ƙwai da ke kuka in dabbar cikinta na son abinci.

Wani abin da ya ƙara dagula ruwan shi ne Hamster Kombat, wani wasa mai hoton ƴar dabba kamar ɓera, wanda ya cika manhajar Telegram a 2024, aka yi ta latsa salula dare da rana don tsammanin kuɗi, da yawa suka tashi da abin da bai taka kara ya karya ba. Tun daga nan, iyaye in suka ji dabba cikin wasa sai su ɗauka wata damfarar ce. Can alkawarin kuɗi aka yi, ba a ciyar da komai. A Barotrauma ba wanda ya yi maka alkawarin ko dala.

Don haka roƙona ga ƴan jarida shi ne su ce "na cikin na'ura" ko "ta intanet", gwargwadon abin da ake magana a kai. Uban da aka gaya wa ɗansa na kiwon dabbar bogi, tambayar da zai yi ita ce wa ya cuce shi, kuma ba wanda ya cuce shi. Tambayoyin da suka kamata daban ne: awa nawa yake kwashewa, nawa intanet ke ci, su waye yake magana da su cikin jirgin, ya yi salla, ya ɗebo ruwan gida? Sannan shi wannan wasa akwai jini da firgici a cikinsa, bai dace da ƙananan yara ba ko kaɗan.