Motsa jiki da ƙwayoyin gado: me ke faruwa a tsoka da kitse?

Wai da gaske motsa jiki yana canza ƙwayoyin gadon mutum?

Ba ya sake rubuta su. Abin da yake canzawa shi ne waɗanda jiki ke amfani da su. Ɗan Adam na da ƙwayoyin gado kusan 20,000, amma ba duka ke aiki lokaci guda ba: tsoka na da waɗanda take buɗewa, kitse na da nasa, alhali DNA ɗinsu, wato sinadarin da ke ɗauke da ƙwayoyin gadon, ɗaya ne. Kamar littafi ne, rubutun na nan daram, sai dai wasu shafukan a manne, wasu a buɗe. Cikin abubuwan da ke manne shafi akwai wani ɗan sinadari, metil, da ke liƙewa a jikin DNA. Idan ya taru a bakin ƙwayar gado, galibi sai ta yi shiru. Idan ya ragu sai ta kama aiki. Motsa jiki na sauya wuraren da yake zama.

Ta yaya aka san motsa jikin ne, ba abinci ko barci ba?

Masu bincike a Cibiyar Karolinska da ke Suwidin sun yi wata dabara da ta kashe wannan gardama. A binciken da suka fitar a 2014, sun sa matasa 23, maza da mata, suna motsa ƙafa ɗaya kawai a kan na'ura, minti 45, sau huɗu a mako, har wata uku. Ɗaya ƙafar tana hutawa abinta. An ciri ɗan tsoka daga cinyoyin biyu kafin a fara da bayan an gama. A ƙafar da ta sha aiki, metil ya sauya a wurare kusan 5,000, ƙwayoyin gado kusan 4,000 kuma suka canza yawan aikinsu, da yawansu masu alaƙa da sarrafa kuzari da ginin tsoka. A ɗayar ba a ga irin wannan ba. Mutum ɗaya ne, kwano ɗaya, gado ɗaya, bambancin kawai wace ƙafa ce ta wahala.

Sai an yi watanni kenan?

A'a, zama ɗaya ma na taɓawa. A 2012 Juleen Zierath da abokan aikinta sun nuna cewa bayan tuƙa keke sau ɗaya, metil ya ragu a kan ƙwayar gadon PGC-1α, wadda ke sa tsoka ta ƙara sassan da ke ƙona sukari da kitse. Wanda ya fi matsa wa kansa ya fi samun canjin. Sai dai abin ba ya daɗewa, cikin sa'o'i yake komawa, maimaitawa ce ke sa ya zauna. Sun kuma ga sinadarin kafeyin da ke cikin kofi ya yi makamancin haka, amma a kan tsokar da ke cikin faranti a ɗakin gwaji, don haka kada wani ya ce kofi ya ɗauke masa gudu.

To kitse fa, ba ajiya ba ce kawai?

A nan ne mutane suka fi yin kuskure. Kitse na fitar da sinadarai cikin jini, irin su leptin mai sanar da ƙwaƙwalwa yawan ajiyar jiki, kuma yana da hannu a yadda insulin, sinadarin da ke daidaita sukarin jini, ke aiki. A Jami'ar Lund ta Suwidin, ƙungiyar Charlotte Ling ta bi maza 23 masu ɗan jiki, shekarunsu wajen 35, waɗanda ba su saba motsa jiki ba. Wata shida suna zuwa atisaye, kuma a matsakaici ko sau biyu a mako ba su cika ba. Duk da haka, sakamakon da ya fito a 2013 ya nuna metil ya sauya a ƙwayoyin gado fiye da 7,000 a kitsensu, ciki har da masu alaƙa da ƙiba da ciwon sukari nau'i na biyu. Ƙugunsu ya ɗan ragu, nauyinsu kuwa bai wani motsa ba. A ganina mai teɓar da ya hau sikeli bayan wata biyu ya ce aikin banza yake yi, ya yi saurin yanke hukunci.

Maza da mata ma ba ɗaya ba ne. Wani babban bincike a Amurka da ya fito a 2024, a kan ɓeraye da aka sa gudu mako takwas, ya ga mazan sun zubar da kitse, matan ba su zubar ba, sai dai ba su ƙara kamar waɗanda ke zaune ba.

Idan mutum ya daina, komai ya tafi?

Ƙarfi da girman tsoka suna raguwa, wannan babu musu. Amma a Jami'ar Keele ta Ingila, a 2018, an sa maza 8 ɗaga ƙarfe mako bakwai, suka huta mako bakwai, suka sake komawa mako bakwai. Lokacin hutun tsokar ta saɓe, wasu alamun da ke kan DNA kuwa ba su goge ba, kuma da suka dawo tsokar ta yi girman da ya zarce na farko. Mutum takwas kaɗan ne, bai kai a kafa doka da shi ba, amma ya yi daidai da abin da masu ɗaga ƙarfe suka daɗe suna faɗa, cewa wanda ya taɓa yi ya fi sabon shiga saurin dawowa.