Ba Aristotil ne ya fara kawo zancen ƙasa, ruwa, iska da wuta ba

Da zarar an ce komai na duniya an yi shi ne da ƙasa, ruwa, iska da wuta, sai a jingina maganar ga Aristotil, masanin falsafa na tsohuwar Girka. Ya gaje ta ne kawai. Wanda ya fara haɗa huɗun wuri guda shi ne Emfedokilis, wani Bagirke daga birnin Akaragas a tsibirin Sisili, a ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), tun ba a haifi Aristotil ba. Har sunayen gumakan Girka ya laƙaba musu, kuma masana na nan suna gardama kan ko Hera ce ƙasa ko kuwa Aidoniyos.

Abin da Aristotil ya ƙara shi ne ɗabi'u. Ya ce ƙasa mai sanyi ce, busasshiya, kuma mazauninta tsakiyar halitta, shi ya sa dutse ke faɗowa idan an sake shi. Wannan tsari ne ya sa sunansa ya danne na magabacinsa, domin da shi likitoci suka yi ta aiki, daga Galen har Ibn Sina.

Sauran abubuwan da masu sihirin Turai ke rataya wa ƙasa daga baya suka zo. 'Yan gajerun halittun almara da ake cewa suna zaune a cikinta, wani likita ɗan Siwizalan mai suna Farasilsus ne ya tsara su a ƙarni na 16, kuma ƙungiyar Golden Dawn da ta shahara da al'adun sihiri, a 1888 aka kafa ta a Ingila.