Waiwaye: Yadda Raaz ya ari fatalwar Amurka, ya wanke mijin

Ranar 1 ga Fabrairun 2002 aka saki Raaz a gidajen sinima na Indiya, a lokacin da ake wa fim ɗin ban tsoro kallon sana'ar waɗanda suka rasa jari. Kafin shekara ta ƙare, Devdas kaɗai ya fi shi kawo kuɗi. Masu sharhi kuwa tun makon farko suka gane inda aka samo labarin: What Lies Beneath, fim ɗin Amurka na shekarar 2000, wanda Robert Zemeckis ya ba da umarni, Harrison Ford da Michelle Pfeiffer suka fito a matsayin mata da miji.

Ba a kan Raaz aka fara wankiya, wato kwafar labarin wani fim, ba. Fatalwa ta daɗe a finafinan Hindi, tun Mahal na 1949, sai dai a can waƙa da kewa suka fi tsoro yawa. Daga 1972 zuriyar Ramsay suka karɓe fagen da Do Gaz Zameen Ke Neeche, sannan Purana Mandir a 1984 da Veerana a 1988: tsohon gida, maƙabarta, dodo mai fuskar roba, kuɗi kaɗan, riba mai kauri a ƙananan garuruwa. Su ma sun leƙa Hollywood, don Mahakaal ɗinsu daga A Nightmare on Elm Street aka kwaso shi kusan ɗungurungum. Da kasuwar ta yi sanyi sai suka koma talabijin, manyan jarumai kuma suka ci gaba da gudun irin wannan fim kamar mai gudun bashi.

Abin da darakta Vikram Bhatt da kamfanin Vishesh Films suka yi shi ne, sun yi wa fatalwa wanka sun sa mata kayan sallah. Suka kai labarin Ooty, garin tsauni mai hazo a jihar Tamil Nadu, suka ɗauko sabbin fuskoki, Bipasha Basu da Dino Morea, suka ba Nadeem da Shravan waƙoƙi. Wanda ba zai taɓa biyan kuɗi don a tsorata shi ba, sai ga shi ya zo don soyayya.

Amma duk wannan ado ne. Canjin da ya fi nauyi yana cikin tambayar waye mai laifi. A fim ɗin Amurka, mijin malamin jami'a ne da ya yi mu'amala da ɗalibarsa, ya kashe ta, ya jefa gawar a tafki. Fatalwar yarinyar ta zo ne ta tona masa asiri, kuma da matar ta gano gaskiya, ita ma sai ya nemi nutsar da ita a bahon wanka. Tsoron fim ɗin ke nan: makashin shi ne mutumin da kike kwana da shi.

A Raaz an juya ƙwaryar. Mijin, Aditya, ya ci amanar matarsa Sanjana da wata mai suna Malini, haka ne, amma Malini ce ta harbe kanta a gabansa da ya ƙi rabuwa da matarsa, shi kuma ya binne gawar a daji ya yi shiru. An nuna ta a matsayin mai taɓin hankali, kuma fatalwarta ba adalci take nema ba, mijin take son ja zuwa lahira. Saboda haka aikin Sanjana ya tashi daga tserar da ranta ya koma ceton auren da aka ci amanarta a ciki. Aditya yana kwance a asibiti, ita tana cikin daji da dare tana neman kabarin da za ta tone ta ƙona gawar, bisa al'adar Hindu cewa ruhi ba ya samun salama sai an yi masa wannan. An kuma ƙaro Farfesa Agni Swaroop, wanda Ashutosh Rana ya fito a matsayinsa, masanin gaibu da babu irinsa a fim ɗin asali.

A ganina nan ne wurin auna shi. Ta fuskar ƙwarewa ya yi abin a yaba, domin bai tsaya kwafe hoto bayan hoto ba, ya sake ƙulla labarin da imanin masu kallonsa. Ta fuskar jarumta kuwa ya ja baya: ya sauke laifin daga kan namiji ya ɗora wa matacciya, wadda ba ta da bakin kare kanta. Mai kallon finafinan Kano, wanda ya sha ganin an wanko na Indiya an gyara masa zama, ya san irin wannan dabara.

Nasarar ta buɗe ƙofa. A 2003 aka yi Saaya daga Dragonfly da Hawa daga The Entity. Daga nan ido ya koma gabashin Asiya: Naina na 2005 ya bi sawun The Eye na Hon Kon, Click na 2010 ya ɗauko Shutter na ƙasar Tailan, Alone na 2015, wanda Bipasha ta sake fitowa a ciki, shi ma daga Tailan yake. Babu wanda ya kai Raaz amo a cikinsu. Shi kansa ya haifi 'ya'ya uku, a 2009 da 2012 da 2016, duk da Emraan Hashmi a gaba, kuma babu wanda ya ci gaba da labarin Sanjana, sunan Raaz kawai suka gada.